Gaya Masa Ya Duba Bayansa

Mahaifina ya buga wa garinmu ƙwallo shekara goma sha ɗaya, ya kuma horar da 'yan wasan garin shekara goma sha bakwai. Babu albashi a ciki. Manomi ne, yana da 'yan shanun da suka rage daga garken kakanmu. Da safe yana gona ko wajen dabbobi, da la'asar yana fili. Garin namu yana tsakanin Kiyawa da Dutse, sai an sauka daga kwalta an ɗan taɓa tafiya a babur. Muna da wata doka da ba a rubuta ba amma kowa ya san ta: inda aka binne cibiyarka, nan kake buga wa ƙwallo. Ko a sakatariya kake aiki a Dutse, ranar wasa gida za ka dawo ka sa jesin garinku.

Wasansa kaɗan na gani da idona, lokacin ina ƙarami. Sauran a bakin dattawan teburin mai shayi na ji, su kuwa duk shekara sai sun ƙara masa tsawo. A yadda suke ba da labarin yanzu, yana taɓa sandar saman raga da ka ba tare da ya yi tsalle ba. Abin da na tabbatar shi ne lamba biyar yake bugawa, a tsakiyar 'yan baya, dogo ne siriri, kuma ba ya yawan gudu. Tsayawa yake yana kallo, sai ka ga ƙwallo ta zo ta same shi inda yake. Ya ce da abokansa a wajen kiwo ya koyi haka, don mai kiwo ba ya bin saniyar da ta ɓalle a baya, inda za ta yake tarewa. A wani wasa da aka yi a Aujara ƙafarsa ta faɗa ramin gafiya, gwiwa ta juya. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ya miƙe yana tafiya har yana noma, amma gudu ya ƙare. Damina ɗaya ya yi a zaune. Da aka yi girbi aka share fili, samari suka same shi a gida suka ba shi usur, tun daga ranar kowa ke ce masa Koci.

Ni ne ɗansa na fari, kuma mu a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, wadda muke ce wa Iya, can na girma. Gida ɗaya ne, katangar zana ce kawai tsakaninmu, amma Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa fuskantata da magana a gaban mutane ba. Idan na shigo zaure yana zaune, sai ya sami abin dubawa a rediyonsa. Ƙannena yana ɗora su a babur, yana tsokanarsu, yana dukansu in sun yi laifi. Ni ko dukan ban samu ba. Idan ya sayo takalmi daidai ƙafata, Iya yake kai wa ya ce, "Ga wannan, ko akwai wanda zai yi wa." Ba ƙiyayya ba ce, na sani tun a lokacin. Shi ma haka aka yi masa, kuma mutanen gari suna yaba masa a kai. Idan dole ta sa ya ambace ni, sai ya ce "na wajen Iya".

Wannan duk bai dame ni ba sai da na shiga ƙungiyar gari ina da shekara goma sha tara. Ba shi ya ɗauke ni ba. Ƙanensa, Baffa, shi ne mataimakinsa a fili, shi ya rubuta ni. Ga shi kuma ni ma lamba biyar nake bugawa, ban zaɓa ba, jikina ne ya zo da haka. Shekara guda cur na yi a benci. Bencin ma ba benci ba ne, gungumen darbejiya ne da aka yasar a gefen fili, na san kowane kullutu da ke jikinsa. Wanda yake buga wurina a lokacin mutumin kirki ne, amma ya yi aure ya ajiye tumbi, 'yan gaba suna wuce shi suna yi masa sallama. Kowa yana gani, Baba ma yana gani, amma ya sa ɗansa na fari a fili da hannunsa, wannan ya fi ƙarfinsa.

Baffa ne ya gaji. Wata rana bayan an ci mu uku da nema a gida, ya tare shi a gaban 'yan wasa.

"Yaya, kunya daban, zalunci daban. Yaron nan ya fi duk wanda ke bayanka. In ba za ka iya ba, ni zan sa shi."

Baba ya daɗe yana naɗe igiyar usur a yatsa. Sannan ya ce, "Kai ne mataimaki. In ka ga akwai wanda ya dace, ka sa."

Haka na fara wasa, kuma haka aka samo hanyar da muka bi shekara uku. Duk abin da Baba yake so in yi, Baffa yake gaya wa, ko da kuwa ina tsaye taku biyu daga inda suke. "Gaya wa na wajen Iya ya daina bin ƙwallo, ya bi mutum." Sai Baffa ya juyo ya kwarara mini sunana, ya maimaita, ya ƙara da nasa gishirin: "Ka ji ko, mai kunnen ƙashi?" 'Yan wasa suka mayar da abin na dariya. In na yi kuskure sai wani ya ce, "Ku yi masa uzuri, saƙonsa yana hanya." Ni ma ina dariya, don hanyar tana aiki. Mun ci wasanni da ita, a Jahun, a Kiyawa, har a cikin Dutse.

Amma zan faɗi gaskiya, ina kishin sauran. Baba koci ne mai kama kafaɗa. Zai riƙe ɗan wasa ya juya shi, ya nuna masa inda zai sa ƙafa, ya ja masa kunne, in ya yi abin kirki ya daki bayansa. Akwai wani ɗan gabanmu da kullum sai ya sha zagi saboda satar gida, yana fita yana ƙunƙuni. Ni kuwa zagin nan nake sha'awa. Duk abin da na iya a ƙwallo daga wajen Baba na koya, amma a tsaye a gefe, ina sauraron abin da yake gaya wa wasu, ko kuma bayan ya bi ta bakin Baffa ya huce.

A shekara ta uku muka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar da garuruwan yankinmu suke yi bayan girbi. Ba mu taɓa kaiwa nan ba, har a zamanin da Baba yake bugawa. A Ringim za a yi wasan, ranar Asabar da yamma. Da hantsi muna haɗa kaya aka aiko surukin Baffa ya rasu a wani ƙauye bayan Kiyawa. Babu zancen zaɓi, Baffa ya hau babur ya tafi jana'iza. Kafin ya tafi na ji yana ce wa Baba, "Yaya, yau ɗaya dai, ka yi masa magana da kanka. Babu wanda ya san mu a Ringim." Baba ya ci gaba da haɗa kaya.

A cikin mota ya kira golanmu ya zaunar da shi kusa da shi. Ina kujerar baya amma ina ji. Ya ce masa, "Yau kai ne Baffa. Kai ne a bayansa. In na ga wani abu zan gaya maka, kai kuma ka gaya masa." Gola ya ce to. A lokacin duk mun ga dabara ce mai kyau, don gola ya fi kowa kusa da ni a fili.

Wasan ya yi zafi amma babu rikici. Filin ya fi namu faɗi, ƙasar kuma ta fi tauri, ƙwallo tana tashi fiye da yadda muka saba. Suna da wani ɗan gaba gajere mai faɗin ƙirji, shi aka ba ni in tsare. Ba shi da wani gudu, amma ya iya ɓacewa. Kana ganinsa a gabanka, ka ɗaga kai ka dubi ƙwallo, ka sauke ido ka tarar ba ya nan. Duk da haka na riƙe shi har aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. A hutun Baba ya yi wa kowa magana ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kaina sai ya dubi gola ya ce, "Gaya masa yana yi daidai." Gola ya juyo ya ce mini, "Wai kana yi daidai." Muka yi dariya, har Baba ya ɗan murmusa yana kallon ƙasa.

Saura kamar minti biyar a tashi, har an fara zancen waɗanda za su buga fanareti, suka sami bugun tazara daga gefen hagu, kusa da inda Baba yake tsaye. Na tsaya inda ya kamata, gajeren nan yana gabana, hannuna yana taɓa rigarsa. Mai bugu ya ja da baya. Na ɗaga ido na dube shi. A nan gajeren ya zame ya zaga ta bayana, ban ji tafiyarsa ba. Sai na ji muryar Baba, da ƙarfin da ban taɓa ji ba: "Gola! Gaya masa ya duba bayansa!" Gola ya ji an kira shi, ya juya kai wajen benci don ya ji abin da Koci yake cewa. Ni kuma na ji an ce gola, na ɗauka ba da ni ake ba. Ƙwallo ta wuce ta saman kaina, gajeren ya sa mata kai shi kaɗai, gola bai ma gan ta ba sai a cikin raga.

Muka yi sallar magariba a wani masallaci a bakin hanya, muka kama hanyar gida. Babu wanda ya zargi kowa a motar. Gola yana ta kuka a hankali, Baba ya dafa shi ya ce ba laifinsa ba ne.

Kwana biyu bayan haka wani ya turo hoton bidiyon cin, wanda wani ɗan kallo ya ɗauka a waya, aka yi ta yawo da shi a gari. An ɗauka daga ɗaya ɓangaren fili, don haka ana ganin Baba sosai. Na kalla ya fi a ƙirga. Tun kafin mai bugu ya taɓa ƙwallo Baba ya ga gajeren ya motsa. Ya taka gaba, ya ɗaga hannu yana nuna ni, bakinsa a buɗe, fuskarsa tana kallona kai tsaye. Ya tsaya haka na ɗan lokaci. Sannan ya kawar da kai ya juya wajen gola. Da a wannan ɗan tsayawar ya ce ko da "kai" ne, da na waiwaya.

Gari ya rabu biyu. Dattawa suka ce ai haka mutumin kirki yake, ƙwallo ba za ta sa ya zubar da tarbiyyar gidansu ba. Samari suka ce a fili babu uba babu ɗa, in ba zai iya kira ba ya cire yaron. Babu wanda ya faɗi haka a gabansa, amma garin ba shi da girman da magana za ta ɓata a hanya.

Ranar Laraba Baffa ya same ni ina ba shanu harawa. Ya tsaya yana sosa ƙeya, abin da ba ya yi.

"Yaya ya ce in gaya maka, abin da ya faru a Ringim ba zai sake faruwa ba. Ya ce ɗayanku zai bar fili."

"Ɗayanmu," na ce. "To ai an san wane ne."

"Ni dai abin da ya ce ke nan. Ya ce ka zo fili gobe."

Raina ya ɓaci sosai. Shekarata ashirin da uku, lokacin ne ƙafata ta fara nuna, kuma ba ni da wani garin da zan buga wa. Wasu 'yan Kiyawa sun taɓa yi mini tayi, amma in na sa jesinsu ba zan iya zama a teburin mai shayi ba har in tsufa. Ke nan in Baba ya cire ni, ƙwallo ta ƙare mini. Na shiga wajen Iya na zazzage mata duk abin da ke cikina. Tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago ba.

"Kai mijin banza, a kan wannan fatar da kuke bi da gudu kake huci haka?"

"Iya, ba laifina ba ne. Shi ne bai kira ni ba."

"Da ya kira ka a gaban mutanen Ringim, da ni zan fara yi masa faɗa," in ji ta. Ta watsar da tsakuwa. Can ta ce, "Uban naka kwana huɗu ke nan ana mayar da tuwonsa yadda aka kai. Kai ka ci naka."

Ban ji wannan maganar yadda ya kamata ba. Na wanke jesina, na shanya, na ninke. Washegari da la'asar na tafi fili da ita a leda, na ƙudurta zan ajiye ta a kan gungumen nan kafin a ce mini komai, don kada a kore ni a gaban yara.

Na tarar kowa ya zo, har waɗanda suka daina wasa. Baba ya hura usur, aka taru aka zauna a ƙasa. Ya yi godiya, ya ce an yi ƙoƙari bana, ya lissafa abin da kowane sashe zai gyara kafin baɗi. Sannan ya ce, "Cin da aka yi mana a Ringim nawa ne. Na ga abu, ban faɗa a kan lokaci ba. Kocin da yake da ɗan wasan da ba zai iya yi wa tsawa ba, ya cuci sauran goman." Na sa hannu a leda. Shi kuwa sai ya cire igiyar usur daga wuyansa, ya kira wani tsohon ɗan gabanmu, malamin firamare, ya miƙa masa.

Malamin ya ƙi karɓa. "Haba Koci, wa zai iya? Ai sai dai a san yadda za a yi."

"An san yadda za a yi," in ji Baba. "Koci ko yana da shekara sittin zai iya tsayawa a gefen fili. Ɗan wasa kuwa kwanakinsa kaɗan ne, ni na sani." Ya kama hannun malamin ya danƙa masa. Ya dubi Baffa ya ce, "Ka taimaka masa yadda ka taimaka mini." Ya yi sallama, ya tura babur ɗinsa har bakin hanya kafin ya tayar.

Abin da nake jin kunyarsa har yau shi ne, murna na yi. Na yi jimami a fuska kamar kowa, amma a cikina daɗi nake ji ba ni ba ne. A ranar na sa jesin da na zo mayarwa. Ba a yi minti goma ba sabon koci ya daka mini tsawa da cikakken sunana, ya ce ina tsaye kamar turken awaki. Na shekara huɗu ina jiran wannan tsawar, da ta zo kuma sai na ji ta ba wani abu ba ce, tsawa ce kawai.

Na ƙara buga wa garinmu shekara bakwai. Ba mu ci kofi ba, mun sake kaiwa kusa sau ɗaya. Baba bai sake taka filin ba, ko kallo, don uba ba ya tsayawa cikin jama'a yana kallon ɗan farinsa. Da na ajiye wasa samari sun je sun roƙe shi ya dawo, ya ce ƙwallon yanzu ta wuce shi, a bar wa masu jini a jika. Lokacin da ya ajiye usur shekararsa arba'in da takwas, lafiyarsa ƙalau in ban da gwiwa.

Ni a wancan lokacin ban taɓa tambayar abin da yake yi da yammacinsa ba. Ina fili, ban sani ba. Sai bayan na yi aure, wata rana ƙanwata ta zo gidana muna hira, zance ya biyo ta kan ƙwallo. Ta ce, "Yaya, kai ba ka ga abin da muka gani ba." Ta ce shekarar farko gaba ɗaya, da an idar da sallar la'asar Baba zai shigo ya ɗauko kambas ɗinsa na fili, ya zauna a zaure ya sa, ya ɗaure igiya tsaf. Daga zaurenmu ana jin usur in iska ta juyo. Nan zai zauna, ba rediyo, ba baƙo, in an yi masa magana ya amsa a taƙaice. In ya ji hayaniyarmu mun taso, sai ya yi sauri ya kwance takalman ya tura ƙarƙashin tabarma, kafin in shigo in wuce ɗakin Iya.